Maganin haske ga kaushin rana: yadda ake yinsa da shirin da yake bukata

Yatsa ya riga ido gane kaushin rana. Ka wanke hannu, ka bi goshi a hankali, ka bi saman kunne, karan hanci, leɓen ƙasa, ƙeya, da bayan hannu har zuwa gwiwar hannu. In ka ji wani ɗan wuri busasshe yana kama maka yatsa, wanda in an shafa masa mai sai ya kwanta kwana biyu ya sake tasowa, in an ɓamɓare ɓawonsa wani ya fito a gurbin, to ka same shi. Yawanci faɗinsa bai wuce santimita ɗaya ba, ja-ja ne ko ruwan ƙasa, wani lokaci da ɗan ƙaiƙayi ko tsikari. A asibiti sunansa aktinik keratosis. Bai zama sankara ba tukuna, amma hanyarta ya kama. Hasken UV na rana ne, wato ɓangaren haskenta da ido ba ya gani, ya yi shekaru yana lalata ƙwayoyin saman fata. Wasu wuraren su tsaya a haka, wasu su baje da kansu, kaɗan kuma su rikiɗe su zama sankarar fata mai nutsawa ciki. Babu mai iya nuna maka wanne ne zai rikiɗe, shi ya sa ake bin su da magani.

Baƙar fata da wuya ta yi wannan ciwo, domin melanin, sinadarin da ke ba ta duhunta, yana tare hasken. A zangonmu maganar ta zabiya ce. Na yi shekaru ina aikin jinya a sashen fata na wani asibiti a Ingila, inda masu zuwa da shi tsofaffin Turawa ne, manoma da magina da masu sanƙo. Da na dawo gida unguwar Nima a Accra sai na tarar da irin wannan goshi a jikin ɗan ƙanena, zabiya, mai sayar da kayan waya a Circle, bai ma kai talatin ba. Abin da ranar Ingila ke yi wa Bature a shekara saba'in, tamu ta Accra ta gama yi masa tun yana saurayi. Digiri biyar da ɗoriya ne kawai tsakaninmu da layin da ya raba duniya biyu, kuma hazon hunturu ko hadarin damina ba sa hana UV saukowa.

Tun daga lokacin iyayen zabiya ke tare ni da tambaya kan maganin haske, wanda likitoci ke kira PDT, wato a shafa wa kaushin wani mai sannan a haska shi da fitila, saboda sun gani a waya ko wani ɗan'uwa a Jamus ya ba su labari. Ga abin da nake gaya musu.

Kafin maganar fitila, sai likitan fata ya duba. A Accra akwai su a Korle Bu, a Kumasi a Komfo Anokye. Dalilin dagewata a nan shi ne jan hasken da ake amfani da shi aikinsa bai wuce zurfin milimita biyu ba, shuɗi ma bai kai haka ba. Abin da ya riga ya nutsa, haske zai gyara samansa ne kawai, ya bar ciwon yana ci ta ƙasa, mai shi kuma ya saki jiki. Duk wurin da ya yi tauri ya tashi, ko yake zubar jini in an taɓa, ko ya zama gyambo ya ƙi rufewa wata guda, ko yake girma kana gani, ko yake zafi in ka danna, wannan na yanka ne. A ɗebi tsoka a kai ɗakin gwaji tukuna. Ɗan ƙanen nawa yana da irinsa a gefen kunnen dama. Wani mai kemis ya sayar masa da man kashe ƙaiƙayi, ya yi ta shafawa wurin yana ƙara tauri. Da na matsa masa sai ya ce, "Gwaggo, ai ƙurji ne." Na ce ƙurji ba ya kwana wata huɗu a wuri ɗaya. Cirewa aka yi, aka ɗinke. Sauran kaushin goshi da kumatu su ne ake iya yi wa zancen haske ko na mai.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Ana shafa wani magani, ko dai ALA ko ɗan'uwansa MAL. Da kansa ba ya kashe komai. Ƙwayoyin fata ne ke shanye shi su mayar da shi wani sinadari mai suna protoporphyrin IX, wanda dama jiki ke yi a hanyar haɗa jan jini. Ƙwayoyin da rana ta lalata sun fi lafiyayyu tara shi nesa ba kusa ba. In aka haska wurin, sinadarin ya kama hasken ya miƙa ƙarfin ga iskar oksijin da ke cikin ƙwayar, ta zama mai ƙuna, ta kashe ƙwayar daga ciki. Sai ukun sun haɗu, mai da haske da oksijin. A sashenmu na Ingila mukan kashe wuta mu haska fitilar Wood, wata fitilar duba fata a duhu, kafin a fara, sai ka ga wuraren da suka sha maganin suna walƙiya ja-ja, har da waɗanda ido bai taɓa gani ba. Mutum ya zo da kaushi biyar, ya ga rabin goshinsa ya kama. Nan ne ƙarfin wannan magani yake: yana bin filin gaba ɗaya, na fili da na ɓoye, kuma da wuya ya bar tabo.

Dabarar ta tsufa. A 1900 wani ɗalibi a Munich, Oscar Raab, ya lura cewa wani rini yana kashe ƙananan halittun ruwa in akwai haske, ba ya kashe su a duhu. A 1903 malaminsa von Tappeiner da likitan fata Jesionek suka gwada rinin eosin a kan ciwon fata. Shafa ALA kuwa a Kanada aka fito da shi a 1990, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don kaushin rana a 1999.

Sai dai kada wanda ya sayar da fili don ya bi fitila zuwa Turai. Ba kowane asibiti ke da ita ba, man yana da tsada, wasu irinsa sai a firji. Akwai kuma wasu hanyoyi. In kaushin ɗaya ne ko biyu, ana fesa masa ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, cikin daƙiƙoƙi an gama. In ya bazu a fili mai faɗi ne, akwai man 5-FU da ake shafawa a gida sau biyu a rana har mako uku zuwa huɗu, da kuma wani man mai suna imiquimod. A 2019 aka wallafa wani gwaji da aka yi a Holan kan mutum 624 masu kaushi a fuska da kai. Bayan shekara guda, waɗanda aƙalla kashi uku cikin huɗu na kaushinsu ya tafi bai dawo ba sun kai kusan kashi 75 cikin ɗari a masu shafa 5-FU, 54 a masu imiquimod, 38 a masu haske. Wato mafi arha ne ya zo na ɗaya. Abin da haske ya fi shi da shi, a rana ɗaya ake yi, a hannun ma'aikata, fuska ta yi mako ɗaya ko biyu tana ja ta warke. Mai 5-FU kuwa zai yi wata guda ko fiye da fuska a saɓule, kuma na ga da yawa sun ajiye man a mako na biyu saboda kunya da raɗaɗi. Ɗan kasuwar da ba zai iya rufe teburinsa wata guda ba yana da hujjar neman haske. Wanda zai jure, man ya ishe shi. Ka zauna da likita ku auna, ka tambayi kuɗin komai da abin da katin inshora zai ɗauka kafin ka ce to.

In an tsayar da shawara kan haske, ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai abubuwan da dole likita ya ji daga bakinka. Na farko gyaɗa. Man Metvix, wato MAL, akwai man gyaɗa a cikinsa, don haka duk wanda ƙuli-ƙuli ko miyar gyaɗa ko waken suya ke tayar masa da borin jini ya faɗa. Sai magungunan da ke sa fata saurin ƙuna a haske: doxycycline da danginsa, griseofulvin da ake sha don makero, da ƙwayar hawan jini mai sa fitsari irin bendro, wadda tsofaffinmu da yawa ke sha kullum. Kada ka daina shan komai da kanka. Ka zuba su duka a leda, har da na gargajiya, ka kai a gani. Mai ciwon porphyria, wanda dama irin wannan sinadarin ke taruwa a jikinsa, ba a yi masa wannan magani ko kaɗan. Mai ciki ta bari sai ta sauka. Wanda ƙurajen zazzaɓi ke yawan fito masa a leɓe shi ma ya faɗa, domin hasken na iya tashinsu, kuma akwai ƙwayar da ake bayarwa tun kafin.

Zaɓen rana ma aiki ne. Kwana biyu za ka yi a ɗaki, mako guda kuma fuskarka ba ta shiga taro ba ce. Kada a sa maka Alhamis, ka wayi gari Juma'a kana tunanin sahun waje a masallaci da tsakar rana. Litinin ta fi. Ka kauce wa makon Salla da na bikin dangi. Ka shirya wanda zai tsaya maka a kasuwa. Ka tanadi tasi na komowa, domin tsayuwar jiran trotro a tasha ko zama gefen taga a cunkoson Kaneshie ya isa ya ƙona ka, okada kuwa ba a ma zancensa. Ka taho da malafa mai faɗin baki, mayafi ko rawani mai kauri, da riga mai dogon hannu. In gemu ko suma sun rufe wurin, a yi aski kwana biyu kafin, kada a yi da safiyar ranar. Ka zo da fuska wankakkiya, ba mai, ba hoda, ba turare.

A ɗakin, za a goge wurin, sannan a kankare ɓawon sama da wani ɗan ƙarfe mai kan cokali. Ba yanka ba ne, so ake man ya samu hanya, gara ma kada jini ya fito. Sai a shafa man da kaurin milimita ɗaya, a zarce gefen kaushin da rabin santimita zuwa ɗaya, a rufe da leda mai mannewa, a ɗora abin da haske ba ya ratsawa. Daga nan jira ne na awa uku in Metvix ne ko Ameluz, wato man ALA. Ka ci abinci, ka zauna a inuwa cikin gini, kada ka fita yawo gumi ya ɗaga ledar. ALA na Amurka, Levulan, ruwa ne ake gogawa, da shuɗin haske yake tafiya, minti 16 da daƙiƙa 40 daidai. Jan haske kuwa wajen minti takwas zuwa goma ne, gwargwadon fitilar.

Bayan awa ukun a buɗe, a share man, a sa maka tabarau mai toshe ido ruf. Zabiya ya duba da kyau cewa ya zauna daram, don idonsa dama ba ya shiri da haske. In akwai kafa ko ta gefen hanci ce, ya yi magana kafin a kunna. Ana kawo fitilar kusa, tazarar 'yan yatsu.

Akwai zafi. Duk wanda ya ce maka babu, bai kwanta ƙarƙashinta ba. Wata dattijuwa ta taɓa ce mini ji take kamar tana bakin kaskon ƙosai mai yana fantsamo mata a goshi, ba damar ja da baya. A mintunan farko yake hawa, sannan ya tsaya ko ya ɗan sauka. Goshi da tsakar kai da leɓe sun fi jin jiki, kuma iya yawan ɓarnar rana iya yawan raɗaɗin, don haka zabiya mai fili babba ya sa ran nasa zai yi yawa. Abin da na ga yana taimako shi ne fanka a fuska, fesa ruwan sanyi, da mutum a gefe yana jan ka da hira yana faɗa maka mintin da ya rage. Kana da ikon cewa a tsaya, a kashe, ka huta, a ci gaba daga inda aka tsaya, maganin bai lalace ba. Ga fili mai faɗi ana iya yin allurar kashe zafi a jijiyar goshi, ko a raba aikin zama biyu. Ka tambaya tun ranar farko. Jarumtar yin shiru ba ta ƙara wa maganin komai.

Akwai kuma wanda ake yi da hasken gari, ba fitila. A Copenhagen ta Denmak aka fito da shi wajen 2008. Ana fara shafa man kare rana mai tare UV amma ya bar hasken da ido ke gani ya wuce, wato wanda babu zinc oxide ko titanium dioxide a ciki. Sai a kankare, a shafa maganin ba rufi, mutum ya fita cikin rabin awa ya zauna a waje awa biyu cur. Da yake sinadarin na ƙonewa kaɗan-kaɗan yana taruwa, zafin ba ya kai na fitila ko kusa, kuma a siraran kaushi sakamakon ya yi kusa da nata. Ga ƙasa irin tamu abin sha'awa ne, tunda haske kyauta ne. Amma ni ba zan tura zabiya ya zauna awa biyu cikin ranar azahar ta Accra ba. In likita ya zaɓi wannan, da hantsi za a yi, a inuwa mai haske irin ta ƙarƙashin bishiya a fili, duk sauran jiki a rufe, ido cikin baƙin tabarau. Kuma wannan ba izini ba ne mutum ya sa a aiko masa da man daga waje ya shafa ya hau soro. Haka fitilun gyaran fuska masu jan haske da ake talla a Instagram, ba su da alaƙa da wannan aiki.

Awa 48 da ke biye nan ne aka fi yin ɓarna. Sauran sinadarin yana nan a fata, kuma hasken da ido ke gani ne ke tayar da shi, don haka man kare rana na yau da kullum ba zai cece ka ba. Tufa ce da bango. Ka sauke labule, ka matsa daga taga, ka bar tsakar gida sai bayan magariba. Ƙwan ɗaki mara ƙarfi ba laifi, amma ka nisanci fitila mai ƙarfi kusa da fuska, da bakin murhu ko kurfoti. A gidan haya irin namu na Nima, inda banɗaki da famfo ke waje, a jawo maka ruwa ɗaki, in fita ta kama ka lulluɓe kai da fuska. In ka ji wurin ya fara tsikari, haske ne ke taɓa shi, ka koma ciki.

Maganar alwala kullum sai an yi mini ita. Ka tambayi likita yaushe ruwa zai taɓa wurin. In an rufe da bandeji, shafa a kan bandeji sananne ne a fiƙihu, malamin unguwa zai yi maka bayani. In a buɗe yake, ka zuba ruwa mai tsabta a hankali ba cuɗawa, ka dangwala tawul. Wajen sujada ka shimfiɗa farin ƙyalle wankakke a kan darduma, kada ɗanyen goshi ya sha ƙura.

Wurin zai yi ja, ya kumbura, musamman gefen ido da safe, kwana na biyu da na uku sun fi muni. Daga nan ɓawo, wani lokaci da ƙananan ƙuraje masu farin kai waɗanda ba ƙwayar cuta ce ta kawo su ba. Farasitamol da tsumma mai sanyi sun isa. Ka riƙa shafa Vaseline fari mara ƙamshi, siriri, sau da yawa a rana. Sabulun salo da soson raga su huta. Kada a ɓamɓare, kada a sa toka, man goge baki ko garin magani, ko da Hajiya ta rantse da shi ta warkar da ƙunar jikanta. Ɓawon zai zube da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu, jan na iya ɗan daɗewa. Mai ɗan duhun fata yakan ga wurin ya yi baƙi na wasu watanni kafin ya washe, kada ya bi shi da man bilicin. In zafi na ƙaruwa bayan kwana uku maimakon raguwa, ko jan yana yaɗuwa, ko ga ruwa mai wari, ko zazzaɓi, a koma asibiti ranar.

Bayan wata uku ake dubawa. Ka ɗauki hoton wurin da waya kafin magani, ka sake ɗauka a wuri ɗaya da haske iri ɗaya, likita zai ji daɗin kwatantawa. Wanda bai tafi ba ana iya maimaita masa, wanda ya ƙi ji sau biyu kuma a ɗebi tsokarsa a gwada. Sababbi za su fito, domin hasken ya share abin da ya tarar ne, bai goge shekarun da fata ta yi a rana ba. Zabiya ya mayar da ganin likitan fata al'ada, ko sau biyu a shekara, ko ba ya jin komai. Man kare rana mai lamba 50 kullum, a sake shafawa bayan awa biyu in ana waje, da bayan kowace alwala ta rana, kada a manta kunne da leɓe da ƙeya. Hular kwano da ta sallah ba sa rufe kunne, malafa ce ke yi. Ɗan ƙanena ya mayar da teburinsa ƙarƙashin rumfa, yaronsa ke zagayawa da kaya daga ƙarfe goma zuwa huɗu. Don sanin inda ake samun man da sauƙi ko inda za a yi duban fata, a nemi ƙungiyar zabiya ta Ghana, GAPA, musamman gab da 13 ga Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware musu, wadda ake yi tun 2015. Mai yaro zabiya a makaranta kuma ta je da ƙafarta ta roƙi hedimasta ya bar shi ya sa malafa da dogon hannu, a kuma cire shi daga fareti da wasan tsakar rana.